Inshorar ƙaramin jirgin ƙasa mai tururi: ta gida, ta ƙungiya, ko ta ƙashin kai?

A Ingila da Amurka da Ostareliya akwai mutanen da babu abin da ke ransu kamar kan jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal yana fitar da tururi, amma ƙarami, wanda mutum zai iya ƙerawa a garejin gidansa. Ranar hutu sai su kai shi kan siririn layin dogo, su hura masa wuta, direba ya zauna a wani ɗan tarago a bayansa, ya ja taragu biyu ko uku ɗauke da yara da iyayensu. Faɗin layin a Ingila yawanci inci 3½ ne, ko 5, ko 7¼. A mafi yawan jihohin Amurka 7½ ake yi, kuma da wannan faɗin aka shimfiɗa layin Train Mountain da ke Chiloquin a jihar Oregon, wanda tsawonsa ya haura mil 30. Sha'awar ba ta yau ba ce, domin mujallar masu wannan harka, Model Engineer, ta fara fitowa tun 1898.

Ƙanƙantar jirgin kan ruɗi wanda bai san shi ba. Tukunyarsa, inda ake tafasa ruwa ya zama tururi, tana aiki ne a matsin bar 6 zuwa 7 (bar ma'aunin matsi ne), kusan ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota, kuma a wannan matsin zafin ruwan da ke ciki yakan kai digiri 165 zuwa 170 a ma'aunin Celsius. Mai faɗin inci 5 sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu. Manyan masu 7¼ kuwa sukan kai ɗaruruwan kilo, ga taragu cike da mutane a bayansu, birki kuma ba ya tsayar da wannan nauyi nan take.

Walt Disney yana daga cikin waɗanda wannan sha'awa ta kama. A 1950 ya buɗe layi mai faɗin inci 7¼ a bayan gidansa da ke Los Angeles, ya sa wa kan jirgin suna Lilly Belle. A 1953 wani baƙo ya shiga kwana da gudu, jirgin ya goce daga layi ya kife, usur ɗinsa ya karye, tururi ya feso ya ƙona wata yarinya 'yar shekara biyar. Disney ya rufe layin. Tukunya ba ta fashe ba, jirgin ma bai yi wata lalacewar kirki ba, amma wadda abin ya shafa ba ita ke tuƙi ba kuma ba ita ke da jirgin ba. Daga nan ya kamata duk mai neman inshora ya fara lissafinsa. Yawancin masu wannan sha'awa idan aka ce inshora, jirgin ne ke fara zuwa musu a rai, saboda shekarun da suka kwashe suna ƙera shi. Na fahimci dalili. Sai dai asarar jirgi tana da iyaka, kuɗinsa ne kawai, ita kuwa diyyar yaron da ya rasa ido ko ya nakasa, kotu ce ke yanke ta, kuma tana iya cinye gidan mutum da duk abin da ya tara.

Hanyoyi uku ne a gaban mai jirgi: ya dogara da inshorar gidan da yake da ita, ko ya shiga ƙarƙashin ta ƙungiyar da yake ciki, ko ya yanki tasa daban a wajen dillalin da ya san harkar. Kafin a auna su, akwai abu ɗaya da biyun ƙarshe suka rataya a kansa.

Takardar shaidar tukunya

Inshorar tukunyar tururi da binciken tukunya tare aka haife su. A shekarun 1850 masu masana'antu a Manchester suka kafa ƙungiyar duba tukwanensu saboda yawan fashewa. A Amurka, shekara ɗaya bayan tukunyar jirgin ruwan Sultana ta fashe a kogin Mississippi a 1865 ta hallaka mutum fiye da dubu, aka kafa kamfanin Hartford Steam Boiler, wanda sunansa cikakke ya haɗa bincike da inshora wuri guda. Har yau tsarin bai canja ba. Kamfani ba ya ɗaukar nauyin tukunyar da wani masani bai duba ba.

A Birtaniya manyan ƙungiyoyin masu wannan sha'awa, irin su Federation of Model Engineering Societies da Northern Association of Model Engineers da 7¼" Gauge Society, sun haɗu a kan ƙa'idar gwaji guda, wadda aka sabunta a 2018. Ana auna girman tukunya ta hanyar ninka yawan litar da take ci da matsin da take aiki a kai, kuma babban kundin ƙa'idar ya shafi tukwanen da lissafinsu ya kama daga 3 zuwa 1,100. Tukunya mai cin lita 5 da ke aiki a bar 6, misali, lissafinta 30 ne.

Gwajin iri biyu ne. Na farko da ruwan sanyi ake yi. A cire bawul ɗin da ke sakin tururi, a toshe ramukan, a cika tukunya da ruwa taf har babu iska a ciki, sannan a riƙa danna famfon hannu a hankali har allurar ma'auni ta kai inda ake so: ninki biyu na matsin aiki idan sabuwar tukunya ce, ninki ɗaya da rabi a gwaje-gwajen da ke biyo baya. Mai binciken zai durƙusa da tocila yana leƙa cikin murhun, yana neman ɗigon ruwa a gindin sandunan da ke riƙe bangon tukunyar, yana shafa ƙarfen ko ya kumbura. Dalilin amfani da ruwa shi ne ba ya matsuwa, idan wani wuri ya tsage sai dai ya yi tsartuwa matsin ya faɗi. Tukunyar jan ƙarfe duk shekara huɗu ake maimaita mata wannan. Ta baƙin ƙarfe, da yake tana tsatsa, bayan zangon farko sai ta koma duk shekara biyu. Gwaji na biyu da wuta ake yi, kuma takardarsa ba ta wuce wata 14. A hura wuta ta yi jajir, a zuba ido a ga ko bawul zai saki tururi kafin matsi ya haura kashi 10 cikin ɗari a kan jan layin da ke jikin ma'auni, a gwada hanyoyin ɗura wa tukunya ruwa, a tabbatar gilashin da ke nuna yawan ruwa yana faɗin gaskiya. Ba a yarda mutum ya gwada tukunyarsa da kansa ba, kuma sai da shaida a wurin.

Ostareliya tana da nata kundin na AMBSC, kwamitin kula da lafiyar ƙananan tukwanen tururi. A Amurka kowace jiha da dokarta, wasu sun yafe wa ƙananan tukwane binciken hukuma, wasu ba su yafe ba, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa a can suke gindaya nasu gwajin kafin su bar baƙon jirgi ya hau layinsu. Abin da ya shafi zaɓinmu a nan shi ne: ranar da wa'adin wannan takarda ya cika, inshorar da ke kanta ta zama abar shakka, ko da an biya kuɗin shekara cif.

Inshorar gida

Ita ce mafi sauƙi domin mutum yana da ita tun farko, kuma ita ce mafi rauni. Tana da amfani ga jirgin da ke ajiye a ɗaki, idan gobara ta tashi ko ɓarawo ya shiga. Ko a nan ma akwai tarnaƙi. Kamfanonin Birtaniya sukan sa iyaka a kan abin da za su biya na kaya guda ɗaya, sau da yawa tsakanin fam 1,000 da 2,500, sai idan an rubuta kayan da sunansa a takarda an ƙara kuɗi. Kayan da ke gareji ko rumfar bayan gida kuma suna da tasu iyakar, wadda takan gaza ta cikin gida, alhali a can ne jirgi da injinan ƙira suke kwana.

Da zarar an kunna ashana, magana ta canja. Sashen da ke biyan diyyar wasu a inshorar gida yakan cire duk abin hawa mai tafiya da ƙarfin inji, ya bar 'yan abubuwa kamar injin yankan ciyawa da kayan wasan yara. Shin kan jirgin da ke jan mutum takwas kayan wasa ne? Ba na son a ce ranar da yaro yake kwance a asibiti ce za a fara wannan muhawara da lauyan kamfani. A Amurka takardun inshorar gida suna cire ababen hawa masu inji da kuma duk abin da ya zama sana'a, kuma adadin diyyar da suke farawa da shi, dala 100,000, ba ya zuwa ko'ina a shari'ar rauni mai tsanani. Wanda ya sa akwatin karɓar kuɗin hawa a bakin ƙofa, ko da na sayen kwal ne, ya ba kamfani hujjar cewa kasuwanci yake yi. Wanda ya ga lallai da ta gida zai tsaya, to ya rubuta wa kamfanin dalla-dalla abin da yake da shi, nauyinsa, cewa yana aiki da wuta da tururi, cewa mutane suna hawa, ya karɓi amsa a rubuce. Maganar waya ba ta tsayawa a kotu.

Ta ƙungiya

Ga mafi yawan mutane wannan ce ta fi dacewa, kuma dalilin ya wuce araha. Ƙungiyoyin garuruwa suna shiga babbar tarayya, tarayyar ta yi ciniki da dillali a madadin kowa. A Birtaniya dillalan Walker Midgley na Sheffield sun daɗe da yin suna a wannan fanni, a Ostareliya kuma AALS, tarayyar masu ƙananan jiragen tururi, ce ke tattara ƙananan ƙungiyoyi. Da yake an raba haɗarin a kan mutane masu yawa, abin da ke faɗowa kan kowane mamba kaɗan ne, yawanci ma a cikin kuɗin rajistar shekara yake. Sannan masu binciken tukunya na ƙungiya 'yan sa kai ne, suna gwada wa mambobi, kamfanin inshora kuma ya amince da takardarsu. Wanda ba ya cikin kowace ƙungiya sai ya ɗauko ƙwararren mai bincike ya biya shi daga aljihunsa duk lokacin da wa'adi ya zo.

Akwai wata riba da ba a rubuta ta a takardar inshora. Ƙungiya tana da dokokin gudu, tana da mai kula da tasha, tana da wanda ke zama a taragon ƙarshe yana lura da fasinjoji, tana da littafin da ake rubuta wanda ya yi tuƙi da jirgin da ya fita. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan layi ranar da aka buɗe wa jama'a ya san inda haɗarin yake. Fasinjoji suna zama ne kamar a kan babur, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Yaro ya hango ganye ya miƙa hannu, nauyi ya koma gefe guda, tarago ya karkata. Wata ta sauke ƙafa daga matakala takalminta ya ja ƙasa. Tartsatsi ya fito daga bututun hayaƙi ya huda wa wani riga, ko ɗan garwashi ya faɗa wa jariri a ido. Irin waɗannan ne ke kai mutane gaban lauya, fashewar tukunyar da aka gwada kuwa abu ne mai wuyar gani. A Birtaniya layin da faɗinsa bai kai milimita 350 ba yana ƙarƙashin hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta HSE, kuma akwai kundin jagora mai suna HS2020 da masu harkar suka tsara domin layukan da ke ɗaukar fasinja. Ƙungiyar da ke bin sa tana da abin nunawa idan aka zarge ta da sakaci. Mutum shi kaɗai a lambunsa da wuya ya riƙe irin wannan tsari.

To ina raunin ta ƙungiya? An yanke ta ne domin ayyukan ƙungiya, don haka tambaya ta farko ita ce ko tana bin mamba idan ya fita daga filin. Wasu tsare-tsaren suna bin sa zuwa layin wata ƙungiya da bukukuwan baje koli, wasu har gidansa, wasu kuwa a bakin ƙofar fili suke tsayawa. Kada a ɗauka, a nemi sakatare ya nuna takardar a karanta. Tambaya ta biyu ita ce rauni tsakanin mamba da mamba. A idon inshora, 'yan ƙungiya duka suna iya zama ɓangare ɗaya, wato idan jirgin wani ya murƙushe ƙafar abokinsa, abokin ba ya cikin jama'ar da aka yi alkawarin biya, sai in an ƙara wannan sharaɗi musamman. Ta uku, 'yan sa kai masu gyaran layi da yankan ciyawa. Dokar Birtaniya ta 1969 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata yi musu inshora, wadda yanzu ba ta gaza fam miliyan 5 ba, kuma ƙungiyoyi masu lura sukan yanki irinta domin 'yan sa kai ko da ba albashi suke biya ba. Ta huɗu, wadda aka fi mantawa: inshorar ƙungiya sau da yawa diyyar wasu kawai take biya. Jirgin mamba da aka ajiye a rumbun ƙungiya, idan aka fasa aka sace, yana iya zama babu mai biya.

Sai kuma yadda ƙungiyar kanta take a idon doka. Idan taron mutane ce kawai ba a yi mata rajistar kamfani ba, to a dokar Ingila ba ta da jikin da za a kai ƙara, 'yan kwamiti da mambobi ne ake bi. Idan diyya ta haura abin da inshora ta ɗauka, ragowar tana iya faɗowa kansu. Shi ya sa da yawa suka koma kamfanoni marasa neman riba masu iyakantaccen alhaki. Wanda za a ba kujerar ma'aji ko sakatare ya kamata ya san wannan kafin ya amsa.

Ta ƙashin kai

Wannan ta fi tsada, kuma akwai mutanen da ba su da wata mafita sai ita. Na farkonsu shi ne mai layi a lambun gidansa. A filin ƙungiya nauyin wurin yana kan ƙungiya, a gida kuwa mutum shi ne mai jirgi, shi ne mai layi, shi ne mai wuri. Dokar Ingila ta 1957 ta ɗora wa mai wuri alhakin lafiyar baƙinsa, har ta ce ya sa a ransa cewa yara ba su kai manya lura ba. Ta 1984 kuma ta ba shi wani nauyi ko a kan wanda ya tsallako katanga ba da izini ba, kuma babu abin da ke jan yaran unguwa kamar ƙarar usur da warin hayaƙin kwal. Akwai gobara ma. Lokacin zafi ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama shingen maƙwabci ko gonarsa.

Na biyu shi ne mai layin tafi-da-gidanka, wanda ke kai jirginsa bikin makaranta ko kasuwar ƙauye. Masu shirya taro da ƙananan hukumomi a Birtaniya sukan nemi ganin takardar diyyar jama'a ta fam miliyan 5 kafin su ba da wuri, a Amurka kuma dala miliyan ɗaya kan kowane haɗari shi ne abin da aka saba nema. Idan yana karɓar kuɗi domin riba, to ya fita daga sahun masu sha'awa baki ɗaya. Takardar mai binciken ƙungiya ba domin kasuwanci aka yi ta ba, dole ya koma ga ƙwararren mai bincike da inshorar 'yan kasuwa. Allon da wasu ke kafawa cewa duk wanda ya hau ya hau a bakin ransa ba ya tsare kowa, domin tun 1977 dokar Birtaniya ta hana mai harka kuɓuta daga alhakin mutuwa ko rauni na sakaci ta hanyar sanarwa.

Amfanin ta ƙashin kai shi ne ana ɗinka ta daidai jikin mai ita. Tana iya haɗa jirgin a gida, a mota, a tirela, a filin wasu, har da ƙetare idan an faɗa tun farko. Tana iya haɗa injinan ƙira da jirgin da ba a gama haɗawa ba. Amma duk ƙarin da aka yi yana zuwa da sharaɗi, kuma sharuɗan ne ake kama mutane da su: irin kwaɗon da za a sa wa rumbu, ko an yarda a bar jirgi cikin mota ya kwana a waje, shekarun wanda aka yarda ya yi tuƙi, ko aboki zai iya karɓar jirgin ya zagaya. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin abin da ya faru a gidan Disney, baƙo ne ke riƙe da jirgin. A faɗa wa dillali gaskiya duka. Dokokin Birtaniya na 2012 da 2015 sun sassauta wa wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, amma wanda ya ɓoye abu da gangan kamfani yana da ikon soke inshorar ya ƙi biyan ko kwabo.

Ga Musulmin da ke zaune a waɗannan ƙasashe kuma ya shiga harkar, tsarin ƙungiya yana iya yi masa kama da takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakon juna, tunda kowa na zuba nasa. Ya sani cewa a bayan tarayyar akwai kamfanin inshora na yau da kullum da ke ɗauke da haɗarin, tarayyar ciniki kawai ta yi. Wanda abin ya dame shi ya kai wa malaminsa bayanin yadda yake, tare da cewa yawancin filaye ba sa barin a hura wuta sai da ita.

Nawa jirgin yake?

Nan ne masu ƙira da hannunsu suke shan baƙin ciki. Mutum ya yi shekara goma yana sassaƙa ƙarfe dare da rana, amma kasuwa ba ta biyan kwanakin da ya ɓatar. Idan takarda ta ce za a biya kuɗin kasuwa, to abin da irin jirgin zai yi a wajen gwanjo ko dillalin tsofaffin jirage shi za a ba shi, wanda sau da yawa bai kai rabin abin da ƙwararren maƙeri zai caje shi ya ƙera masa sabo ba. Ya fi kyau a nemi tsarin da ake daidaitawa a kan ƙima tun ranar yankan inshora, a rubuta adadin, a haɗa da hotuna ta kowane gefe, da lambar da aka buga a jikin tukunya, da takardar kimantawa daga dillalin da ya san kayan. Inshorar gida ba kasafai take yarda da wannan ba, ta ƙashin kai ce gidansa, wasu tsare-tsaren tarayya kuma suna barin mamba ya ƙara shi a kan kuɗi daban.

Kada kuma a rage ƙima domin a rage kuɗin shekara. Takardu da yawa suna da sharaɗin biya gwargwado: jirgin fam 10,000 da aka rubuta shi a fam 5,000, idan ya yi lalacewar fam 2,000, fam 1,000 za a biya, sannan a cire kason da mai inshora ke fara ɗauka daga aljihunsa. Haka nan babu inshorar da ke biyan tsufa. Tukunyar da tsatsa ta ci, ko wadda aka bar ruwa a ciki lokacin sanyi ya daskare ya tsaga ta, ko wadda direba ya shagala ruwa ya ja baya har rufin murhu ya ƙone, duk waɗannan a tambaya tun wuri, domin biyun farko galibi ana ɗaukarsu rashin kula ne.

Idan ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Wanda jirginsa ado ne a falo, ba a hura masa wuta, ta gida ta ishe shi muddin an rubuta jirgin da sunansa da ƙimarsa. Wanda ke tuƙi a filin ƙungiya yana ziyartar wasu filaye jefi-jefi, ya riƙe ta ƙungiya domin diyyar jama'a, ya ƙara ɗan abin da zai rufe jirgin kansa daga sata da haɗarin hanya. Wanda ya shimfiɗa layi a gida, ko da iyalinsa kaɗai ke hawa, ya yanki tasa, kuma kada ya bar ƙungiya, saboda mai binciken tukunya da idon abokan harka. Haɗa biyun nan ya fi kowace ɗaya ita kaɗai, kuma kuɗin rajistar ƙungiya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin ɗauko mai bincike daga waje. Idan aljihu bai isa duka ba, a fara da diyyar jama'a, a bar jirgin ya jira.

Takardun kuma a adana su fiye da yadda ake zato. A Ingila wa'adin kai ƙarar rauni shekara uku ne, amma ga yaro lissafin ba ya farawa sai ya cika 18. Yarinyar da ta ƙone tana da shekara biyar tana da damar shigar da ƙara har ta kai 21, wato shekara 16 bayan faruwar abin. Inshorar diyyar jama'a yawanci tana bin shekarar da haɗarin ya auku ne, don haka takardar waccan shekarar za a nema, da shaidar tukunya ta wancan lokacin, da littafin da ya nuna wanda ke tuƙi. Duk ɗan abin da ya faru, ko ƙunar da aka shafa wa ruwan sanyi iyaye suka ce ba komai, a rubuta shi ranar, a sanar da dillali.

Mai shirin sayen jirgi na hannu kuwa, ya nemi tarihin tukunyar kafin ya tambayi kuɗi: wa ya ƙera ta, da wane ƙarfe, yaushe aka yi mata gwajin farko, kuma lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta takarda ko a'a. Tukunyar baƙin ƙarfe da babu shaidar wanda ya yi mata walda da irin ƙarfen da aka yi amfani da shi, mai binciken ƙungiya yana iya ƙin taɓa ta, kuma sabuwar tukunya ita ce kaso mafi tsada a jikin jirgin. Ya ɗauki mai binciken ƙungiyarsa su je tare su duba kafin ya biya.